Shafukan da Suka Tafi da Ƙosai

Ni ban yi boko ba. Allo na ɗan taɓa, sauran rayuwata gona ce da shanu a wani ƙauye gefen Ruma. Littafin Turanci ɗaya ne na taɓa sanin abin da ke cikinsa, shi ma ban san ƙarshensa ba.

Da damina 'yan bindiga suka ɗauke ni a gona. Ɗiyata ta kawo mini fura a daidai lokacin. Ta kwanta cikin gero, tana kallo har suka ɗora ni a babur suka wuce. Na daɗe a daji kafin Allah ya fitar da ni. Da na dawo ban tarar da shanu ba, ɗiyar ma ba yadda na bar ta na same ta ba. Tana ci, tana salla, tana shara. Magana ce babu, sai e da a'a. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Ni kuma ban iya lallashi ba.

Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata.

Muka koma Batsari wurin yayata, mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Ranar kasuwa ina dako, sauran ranaku ina ƙwadago a gonakin mutane. Aka sa yarinyar a makaranta, domin a ƙauye ita ce kan gaba a ajinsu. Ranar farko ƙarar babura ta dawo da ita tun daga hanya. Daga nan ba ta sake ƙetare zaure ba. Na ce ta je, ta yi shiru. Na sake cewa, ta yi shiru. Na ƙyale ta, amma abin yana cina. Yarinya mai kai tana zaune a tsakar gida kamar turmi.

Yaya tana sayen tsofaffin takardu a kasuwa don ƙunshe ƙosai. Jaridu ne, da takardun jarrabawa, da littattafan da suka rasa bango. Aikin ɗiyata ne yayyaga su daidai girman ƙunshi. Wata rana a cikin ɗaurin aka sami wani ƙaramin littafi da bangonsa. An zana wani dogon hannu yana fitowa daga cikin takarda zai kamo yaro. Ta riƙe shi, ta juya shi, ta ce, "Gwaggo, a bar mini wannan in gama."

Yaya ta dube ni, na dube ta. Tun zuwanmu ba mu ji magana mai tsawon wannan daga bakinta ba.

Yaya ba ta nuna komi ba. Ta ce takarda ta yi tsada, ba ta saye ta don a yi kallo ba. Amma za su yi sharaɗi. Inda ba a karanta ba, ba za ta taɓa ba. Inda aka gama kuwa, na ƙosai ne. Yarinyar ta yarda. Ta ciro tsinken tsintsiya, tana sa shi inda ta tsaya.

Bayan la'asar Yaya ke wanke waken gobe, ni kuma na dawo ina hutawa a gindin bango. Yaya ce ta fara tsokanar yarinyar, ta ce tun da ta ajiye aiki saboda wannan hannu, to ta faɗi abin da yake cewa, ko a rage zaman shiru. Sai ta fara. Takan bi layi da yatsa, leɓenta na motsi, sannan ta ɗago ta faɗa mana da Hausa. Da farko a gajarce. Daga baya har da muryoyi.

Labarin wani yaro ne a ƙasar Turawa, mai son littattafan zane. Ta bayyana mana cewa irin waɗannan littattafai gida-gida ake yin shafinsu kamar hatimi, kowane gida da hotonsa, magana tana fita daga bakin mutane. Yaron yana tara su, yana sa kowane a leda, ba ya barin ƙanwarsa ko taɓawa. Shi da abokansa suna haɗuwa su yi musu a kan wane jarumi ya fi wane ƙarfi. Wata rana wani tsoho mai shago ya ba shi wanda ba a sayarwa. A cikinsa akwai mutum mai dogon hannu, yana miƙa hannun daga wannan gida zuwa na gaba. Abokan suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ɓace, sai yaron ya buɗe littafin ya gan shi a zane, a cikin gida ɗaya, bakinsa buɗe.

Ni dai da farko raini na yi. Na ce waɗannan mutane lafiya ce ta yi musu yawa, har suke kai wa yara tsoro a takarda. Mu nan ba a saye shi, har gona ake kawo maka. Yaya ta ce in yi shiru ko in tashi. Ban tashi ba.

Yaron ya riƙa ba ni haushi. Yana ɓuya yana magana da kansa. Ya ji motsi a ɗaki, ya tafi dubawa da takalmi a ƙafa. Ya ga abokinsa a zane, bai faɗa wa ubansa ba. Na ce wannan da a Ruma yake da tuni an gama da shi. Ɗiyata ta ce, "Baba, ai yaro ne. Tsoro yake ji." Ta faɗa tana kallona. Ban sake zaginsa ba.

Abin da na lura da shi, ita ba ta jin tsoron littafin yadda na zata. Idan abin ya yi zafi sai ta rufe, ta sa tsinke, ta ce sai gobe. Hannun yana nan inda ta bar shi, ba ya motsi sai ta buɗe. Ina ganin wannan ne ya yi mata daɗi. Ta fara cin tuwo sosai. Wata rana na ji ta tana gyara wa Yaya labarin a bakin murhu, domin Yaya ta rikita sunayen abokan, har ta yi dariya.

Muka kai inda mai dogon hannu ya ɗauke ƙanwar. Yaron ya tsaya da littafin buɗe a gabansa, ya gane cewa in yana son ta dawo sai ya shiga da kansa. A nan ta sa tsinke.

Washegari ranar kasuwa ce. Yaya ta yi ciniki sosai, takarda ta ƙare mata tun da hantsi, ta aiko aka ɗaukar mata littafin. Da la'asar muka zauna. Ɗiyata ta buɗe, ta karanta shafi ɗaya, ta juya, ta karanta na biyu. Ta sake juyawa. Bango ne. Ta duba gaba, ta duba baya. Farkon littafin yana nan cif, duk inda muka wuce. Ƙarshen ne babu.

Yaya ta rantse ba ta karya sharaɗi ba. Ta karɓi littafin ta nuna mana yadda ta yi. Ta riƙe shi yadda ake riƙe Alƙur'ani, ta buɗe daga dama. Duk abin da ke tsakanin wannan bango da tsinke, a wurinta an karanta shi. Har ma ta bar 'yan shafuka kusa da tsinken don kada ta yi kuskure. Ita duk littafin da ta taɓa riƙewa a duniya daga nan yake farawa. Da ni aka aika, haka zan yi.

"To wane irin mutane ne masu fara abu daga gindi?" in ji Yaya. Ta faɗa da faɗa, amma idonta ya ciko.

Ɗiyata ba ta yi kuka ba. Ta ajiye littafin a kan tabarma, ta shiga ɗaki. Kwanakin da suka biyo muka koma e da a'a.

Yaya ta kasa zama. Ta riƙa tsayar da 'yan acaɓa a tasha, duk wanda ya sayi ƙosai ranar kasuwa, tana tambayarsa ina ya jefa takardar. Suka mai da ita abin wasa. Wani ya ce ya haɗa da ƙosan ya haɗiye, yanzu Turanci yake ji a cikinsa. Wani ya ce a tambayi akuyar bayan tasha, ita ce ta sauke littafin. Yaya ta ce duk wanda ya sake yi mata dariya ba gyara gare shi har abada. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya zo a ɓoye da takarda guda da ya samu a ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa. Mai ya jiƙe ta, rubutun gaba da na baya sun haɗu. Ɗiyata ta ɗaga ta a rana. Abin da ta iya ciro shi ne yaron ya shiga, ya ga ƙanwar, hannun kuma yana tahowa.

Na je makarantar da kaina na sami malamar ajinsu, wata 'yar Safana. Muka gaisa, ta tambayi jikin yarinyar. Na nuna mata bangon. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, ba ta kuma san inda za a samu ba. Ta ce abin da take da shi kawai wata ɗaliba ce a ajin, mai cika gefen littattafanta da zane, kullum ana faɗa da ita a kai. Na dawo na faɗa a tsakar gida yadda ta faɗa mini.

Wata la'asar ina gyara ƙotar fartanya, ɗiyata ta zo ta zauna kusa da ni da takardar mai man nan a hannu. Sannan ta ce, "Baba, kai ta ina ka fito daga dajin?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaya. Na ci gaba da fiƙar ƙotar, na faɗa mata. Da rana ne. An aike mu ɗebo ruwa a rafi, ni da wani dattijo daga wajen Babban Duhu, mai tsaro ɗaya yana biye da mu. Ruwan sama ya kece kamar da bakin ƙwarya, mai tsaron ya ruga ƙarƙashin dutse. Na yunƙura zan gudu, dattijon ya riƙe rigata ya ce kada in yi. Muka shiga cikin rafin muka bi shi a hankali don kada a ga sawu. Ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya tafiya mai nisa. Amma ya yi kiwo a wannan daji tun yana yaro. Na goya shi, yana nuna mini hanya da haɓa. Suna nemanmu ta wajen Ruma, shi kuwa ya kai mu ta wajen Safana. Da ni kaɗai ne da na koma hannunsu kafin magariba.

Ta saurara har na gama. Ba ta ce sannu ba. Ta ce to ashe yaron littafin ba zai iya fita shi kaɗai ba. Ƙanwar ce ta san hanya, domin duk lokacin da ba ya nan tana ciro littattafan daga leda ta karanta a ɓoye. Na ce haka ƙanne suke. Ta ce hannun kuma daga hagu zuwa dama yake bin gidajen, bai san wata hanya ba. In suka bi ta baya, daga dama, ba zai same su ba.

Yaya tana bakin rijiya tana ji. Ta ce, "Kun ji ko? Da hanyata za a fita. Sai a daina hararata a gidan nan."

Ɗiyata ta rubuta ƙarshen a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, ta ɗora su a saman bango inda hannun Yaya ba ya kaiwa. Ta karanta mana. Ni ya yi mini. Ita bai yi mata ba. Ta ce wurin da suke bin gidajen ta baya ba ya fita da magana, sai an zana. Ta gwada, hannun ya fito kamar muciya. Ta tambaye ni sunan ɗalibar da malama ta ce. Na ce ban riƙe ba.

Ranar Litinin ta sa hijabin makaranta. Na bi ta a baya. Kafin mu kai kwanar hanya babur ya wuce mu da gudu. Ta tsaya ta dafa katanga. Na tsaya inda nake, ban matsa ba. Da numfashinta ya daidaita ta gyara takardun a ƙirjinta ta ci gaba. A ƙofar makaranta ta waiwayo ta ce, "Baba, ka tafi, za su ba wani aikinka."

Har yanzu ranar kasuwa ba ta zuwa, babura sun yi yawa a hanya. Sauran ranakun tana zuwa. Ranar farkon nan da azahar ta dawo ranta a ɓace. Ta sami mai zanen, sun zauna benci ɗaya. Amma mai zanen ta zana ƙanwar da ɗankwali da lalle a ƙafa, ta kuma ƙi gogewa. Ɗiyata ta ce gobe za su yi ta.