Kwamfutar da ke Suma a Ƙauyenmu na Rogo

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da wani mai gyaran kwamfuta da na roƙa ya raka ni. Kafin mu kai tasha sau uku na buɗe jakata ina duba ko takardar sayen kwamfutar tana nan. Tana nan.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, ni tela ne, karatuna a firamare ya tsaya. Bara ƙungiyarmu ta 'yan asalin ƙauyenmu mazauna Kano ta saya wa makarantar garin kwamfuta. Aka ɗora mata manhajar gwajin kimiyya, tunda makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. A jikin allon kwamfutar yara ke haɗa batir da waya da ƙwan lantarki, su ga ya kama. Ni aka damƙa wa sayen da kai ta, wai don ba na wasa da amana. To, sai malamin kimiyya ya bugo waya cewa da an fara gwaji, ba a minti goma take tsayawa cak, ta mutu. Maganganu suka fara yawo cewa tsohuwa na sayo. Ranar Lahadi akwai taro, kuma ni za a tambaya.

Mun bi ta hanyar Gwarzo. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara, kuma har yanzu mutum biyu ake sawa a gaba. Injiniya, haka nake kiran abokin tafiyata, ya yi barcinsa. Ni kuwa idona na kan titi ina taya direba kaucewa ramuka da ƙafata. Kaka ta shigo, dawa ta yi kai, an tuge gyaɗa an baje ta a gonaki tana shan rana.

A Karaye muka sauka muka karya. Mai shayin ya ga jakar Injiniya da wayoyi sun leƙo, ya ce ko masu gyaran wuta ne. Da muka faɗa masa abin da ke tafe da mu, ya ce ai a shafa mata man zafi. Kowa ya yi dariya ban da ni. Na sayi dafaffiyar gyaɗa, cikin gwangwani ɗaya a nan ya kusa biyu na Kano. Daga nan muka shiga wata motar zuwa Rogo, mu da buhunan masara da akuya ɗaya a but ɗin motar. Na yi ta mamakin raken da ke gefen hanya, ya fi tsayin mutum. Daga Rogo babur muka hau zuwa wajen Zoza, na roƙi mai babur ya tafi a hankali har sai da ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Shugaban makaranta ya tarbe mu. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Kano gida gida, aka kawo fura da nono mai sanyi daga rugar da ke bayan makaranta. Na sha, amma hankalina yana kan ƙofar ofis.

Ga kwamfutar nan a kan tebur, sanye da rigarta. Ni na ɗinka mata ita da hannuna lokacin da zan kawo ta: yadi mai kauri, da soso a ciki, da shafin leda saboda yoyon kwano. Na auna akwatin kwamfutar ta kowane gefe, rigar ta zauna masa cif, ƙofar wayoyi da ta maɓalli kawai na bari. Har na ji daɗi da na ga ko tabo babu.

Injiniya ya zare rigar ya ajiye gefe don ya sa filasharsa. Ya duba batiran sola, ya ce wuta lafiya. Ya nemi bairos, wato cutar kwamfuta, babu. Ya goge manhajar ya sake ɗora ta. Ni ina tsaye a kansa ina tambaya: wannan layin mai tafiya fa? Wannan ƙarar fa? Ya nuna min cewa akwai 'yar fanka a cikin akwatin, ita ce ke wannan gurnanin. Ban taɓa sani ba. Aka buɗe gwajin. Na ga batir, na ga waya, malamin kimiyya ya ja ɗaya ya haɗa da ɗaya, ƙwan ya kama. Ya ƙara batir na biyu, hasken ya ƙaru. Ya ƙara na uku da na huɗu, ƙwan ya ƙone a allo har da hayaƙi, na ja da baya. Wallahi da a zamaninmu akwai wannan, da ban gudu daga kimiyya ba.

Awa guda tana aiki ko tari ba ta yi ba. Injiniya ya fara naɗe wayoyinsa.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Mu tafi kada mu rasa mota."

Malamin kimiyya ya ce, "Injiniya, baƙi ta gani. Kuna fita za ta koma halinta."

Zuciyata ba ta kwanta ba. Idan na je taro na ce an gyara, Litinin ta sake mutuwa, da wane ido zan kalli mutane? Na ce a yi min haƙuri, a yi komai daidai yadda ake yi ranar darasi, tun daga farko, ina kallo. Injiniya ya yi tsaki a hankali ya zauna.

Malamin ya kashe ta. Ya ɗauko rigar, ya zura mata, ya ja zif, ya gyara kafaɗunta, sannan ya kunna.

Injiniya ya miƙe. "Malam, da rigar kuke kunna ta?"

"Ai Alhaji ne ya ce ko da wasa kada a cire. Har rantsuwa ya sa na yi."

Gaskiya ne. Na faɗa, kuma sau biyu na bugo waya daga Kano ina jaddadawa, saboda ƙura da zanzaro. Aka bar ta a hakan don a tabbatar. Ina kallon agogona. Minti takwas, gurnanin fanka ya ƙaru, ƙwan da ke allo ya tsaya, sai baƙi. Injiniya ya kama hannuna ya tura ƙarƙashin rigar. Zafi kamar murfin tukunya.

Ya ce, "Baba, kai ma in aka sa maka bargo da leda a wannan zafin aka ce ka yi gudu, sai ka suma."

Ya nuna min ƙananan ramukan da ke baya da gefe, inda iska ke shiga ta fita. Duk na rufe su, kuma da ɗinki biyu. Shugaban makaranta ya juya fuska yana gyara hula, kafaɗunsa na rawa. Na ce ya yi dariyarsa a fili, na cancanta. Abin da ya fi damuna shi ne zango guda yara suka yi ba gwaji saboda ni, kuma malami ya sha zargin cewa bai iya ba. Na ba shi haƙuri a gaban kowa, na kuma warware masa rantsuwar. Aka tsaya a kan cewa a cire riga kafin a kunna, a mayar bayan ta huce. Na rubuta haka da manyan baƙaƙe na manna a bango, na karanta sau biyu ko da kuskure.

Muka samu motar la'asar daga Rogo, da mazarƙwaila ta tsaraba, muka shiga Kano ana kiran magariba.

Ranar Lahadi na miƙe a taro na ce kwamfuta sabuwa ce, ga takarda, kuma lafiyarta lau, laifin na tela ne. Na faɗi komai yadda ya faru. Wanda ya fi kowa yaɗa zancen tsohuwa ya yi dariya har da hawaye, ya zo ya kama hannuna ya ce in yafe masa.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, yawan tattalin abu ba tare da ka san yadda yake aiki ba, ɓarna ce. Da na tambayi mai sayarwa tambaya ɗaya tak, da ba a yi haka ba. Jiya malamin ya bugo ya ce sun yi darasi biyu a jere, yara sun ƙona ƙwai bakwai a allo, ita kuwa ko gezau.