Tsohuwar Bakin Tafki da Miyar Ganyen Gwaza

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunnuwanku.

Shekarar da na je Setapak, wata unguwa can ƙasar waje, wankan jegon surukata, ɗana yana karatu a can, ƙofarmu na kallon ƙofar wata ma'aikaciyar jinya, mutumiyar Filifin, daga yankin Bikol. Uwarta na wurinta, tsohuwa sa'ata. Shanyewar ɓarin jiki ta kwashe mata duk harshen da ta koya da girmanta, ta bar mata na ƙauyensu na bakin tafki kawai. Ita kuwa 'yar a birnin Naga aka goye ta, yaren Bikol na birni take ji. Uwa na magana, 'ya na tsintar ɗaya tana zubar da uku.

Sai tsohuwa ta daina cin abinci. Kullum 'yar ta dafa mata miyarsu ta ganyen gwaza da madarar kwakwa da barkono, ita kuwa ta ture kwano, ta yi ta faɗa. Ina zuwa in zauna kusa da ita, ina kallon wuyanta yana ramewa.

Wata Lahadi 'yar ta kwaso matan Bikol biyu daga cocinsu, ɗaya 'yar tsibiri, ɗaya 'yar gindin wani dutse mai aman wuta. 'Yar na fassara wa surukata, ita kuma tana mayar mini da Hausa.

'Yar tsibiri ta kasa kunne, ta ce, "Cewa take gishiri ya yi yawa."

Ɗayar ta ce, "Ke da kuke haɗiye rabin magana a tsibirinku, yaushe kika zama tafinta?"

"To ke me kika ji?"

"Ban ji ba, amma ai ban yi ƙarya ba."

Na tambayi surukata, "Ba duk yarensu ɗaya ba ne?"

Ta ce, "Inna, ɗaya ne, amma kowane gari da bakinsa. Ya fi tsakanin Kano da Sakkwato nisa."

Matan nan ba su gaji ba. Sati biyu suna cigiya a waya, har aka samo wata mai aikin gida a unguwar Sri Petaling, haifaffiyar bakin tafkin. Ta hau jirgin ƙasa ta zo ranar hutunta. Tana gaisuwa tsohuwa ta riƙe mata hannu, ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Baƙuwa ta juya ga 'yar ta ce, "Juya miyar kike yi a wuta. Ganyen gwaza ba a sa masa ludayi sai ya nuna, in an juya ƙaiƙayi yake a maƙogwaro. Kunya ce ta hana ta tofarwa a gabanki."

Baƙuwa ta shiga kicin ta dafa da kanta. Tsohuwa ta ci, ta nemi ƙari.

Ta ƙara shekara biyu a duniya, aka kai ta gida aka binne a bakin tafki. 'Yar tana nan tana aikinta, ta koyi bakin uwarta kafin su rabu. Mai aikin gidan ta koma garinsu ta buɗe shago. Waɗancan biyu, na ji har yau suna tsokanar juna. Ni kuwa da aka yaye jikana na dawo Kano.