Hasumiyar da Ta Yi Rawa

Duk lokacin da na ji warin gam, sai in tuna shagon wani tsoho mai ɗinkin littattafai a ƙasan gidanmu a unguwar Darrasa, can ƙasar Larabawa. Baba yana karatu a jami'a a lokacin, ni kuwa yarinya ce marar magana, ko gaisuwa sai an tsare ni da ido. Idan zafin rana ya hana kowa fita, a shagon nake zama ina zane a guntayen takardu.

Tsohon ne ya fara nuna mini cewa zane yana tafiya, domin yana saurayi ya yi aiki wurin masu zanen katun. Ya ce in zana abu ɗaya sau da yawa, kowane da ɗan bambanci, sannan in murza takardun da babban yatsa.

Baba bai so wannan zama ba. Ya ce in nuna masa amfaninsa, in babu, khalas, shi ke nan, in koma sama wurin Umma. Na yi kwanaki ina zana mage tana wucewa ta gaban masallacin unguwarmu. Ka san halin mai tsantseni: a kowace takarda sai na sake zana hasumiya da tagoginta. Da na murza a gaban Baba, magen ta ɗan motsa, hasumiya kuwa ta kama rawa hagu da dama.

"A'uzu billahi! Masallacin ne ke taka rawa?" in ji Baba.

Umma ta yi dariya har ta zubar da shayi. Na sauka shago ina kuka.

"Ma'alish, ya binti, kar ki damu, 'yata," in ji tsohon. "Masu zanen katun na farko ma haka bishiyoyinsu suka yi ta rawa, har wani ya samo magani." Ya huda takarduna wuri biyu, ya kafa ƙusa biyu a katakon taga, ya rataye su. Hasken rana ya fito da zanen ƙasa ta cikin takardar sama, na bi layinsa daidai.

Da na gama na sake kai wa Baba, ya daɗe yana murzawa, ya kai ƙarshe ya dawo farko. "Tamam, masallaci ya tsaya. Sauka abinki. Amma kar magen nan ta shiga ciki, ba ta da alwala."

Yanzu zanen katun nake karanta, kuma a ajinmu kwamfuta ce ke riƙe komai a wurinsa. Ina jin daɗin sauƙin, amma nakan tausaya wa yaran da ba za su taɓa sa mahaifinsu ya yi ta'awwuzi da zanensu ba.