Wandunan da Suka Wuce Gwiwa

Shekarun baya, lokacin Yola tana cikin Jihar Arewa maso Gabas, aka kafa ƙungiyar ƙwallon kwando a Jimeta, aka ɗauke ni. Ba iyawa suka gani ba, tsawo ne kawai. Ni da na tashi tsakanin allo da tawada, dokokin wasan ma a fili na koye su.

A kakarmu ta farko aka gayyace mu gasa a Maiduguri. Aka raba kayan wasa, na kai nawa gida da murna. Mahaifina malami ne a cikin garin Yola. Ya ɗaga wandon ya juya shi, ya ce, "Ina sauransa?"

Na ce, "Baaba, iyakarsa ke nan."

"To, iyakar wasanka ke nan. Gwiwar ɗana ba za ta fito a gaban jama'a ba."

Ban yi musu ba, don shi ya karantar da ni iyakar al'aura. Amma abinci ya daina yi mini daɗi.

Wani abokina da muke wasa tare, Kirista ne daga wajen Numan, ya ja ni unguwar Luggere wurin mahaifiyarsa mai ɗinki. Na roƙe ta ta ƙara wa wandona tsawo. Ta tsayar da keken ta dube ni.

"Kai kaɗai? Ɗana, in ka shiga fili haka, kai za a nuna da yatsa. Ku kwaso na kowa."

Abokina ya ce, "Haba Mama, sai ka ce za mu gona!"

Ta ce, "Yi mini shiru. Ƙafafunka masu kama da kara, rufin asiri zan yi maka."

Yadi bai kai ba, sai ta haɗa da guntayen atamfa, kowa da kalarsa. Nawa mai furanni ne.

Na sa shi na tsaya gaban mahaifina. Ya ce in yi ruku'u, na yi. Ya ce, "Yi tsallen naku in gani." Na yi tsalle a zaure, kaina ya bugi azara. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya ji cewa na dukan 'yan ƙungiya ta ɗinka, sai ya ce, "Allah ya saka wa matar nan. Je ka."

A Maiduguri 'yan kallo suka yi ta ihu, "Ga limaman Yola!" Alhali rabin limaman nan coci suke zuwa. An ci mu, ci mai kyau kuwa, amma babu wanda ya naɗe wandonsa.

Na karanta haƙƙin maƙwabci a littafi tun ina yaro. A kakar nan na fara ganin sa da ido, a jikin mutanen da dokar rufe gwiwa ba ta hau kansu ba, suka ɗauke ta tare da ni don kada in tsaya ni kaɗai.