Ranar da Shanun Huɗa Suka Ja Motata a Bayan Tirwun

Mun tashi daga Darazo ana idar da sallar asuba, ni da ɗan goggona, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya hutawa in dai a kaina ne. Abu biyu ne ya kai ni Bauchi ranar Alhamis ɗin nan. Na farko, in ɗauko Inna, mahaifiyata, daga rugarmu da ke bayan Tirwun, domin washegari ne sunan ɗiyata ta fari, kuma na rantse ba za a raɗa sunan nan babu ita ba. Ƙafafunta sun daina ɗaukar doguwar tafiya, babur kuwa ta ce ta yafe shi har abada. Na biyu, wanda ku masu bibiyata kuka fi sani, in ɗaura wa motata sabon manifol ɗin da kuka yi wata uku kuna zuga ni a kansa.

Ga wanda bai sani ba, manifol shi ne bututun da ke zaune a saman injin, yana raba wa kowace silinda iskar da za ta sha. Na kamfani, wanda motar ta zo da shi, baƙar roba ce mai dogayen hanyoyi a nannaɗe. Wanda na yi oda kuwa na alminiyam ne, ƙato, mai gajerun hanyoyi, yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Kun ce injina mai silinda shida a shaƙe yake, wai robar nan ce ta riƙe masa wuya. Ni kuma na ji, na yarda, na sayar da buhunan waken da na yi niyyar ajiyewa har su yi tsada.

An kwana ana ruwa, hanya ta yi fes, gero ya fid da kai dama da hagu. Matsalar damina ita ce kowane rami ya cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Wajen Soro muka tsaya shan mai, na kalli abin da famfon ya rubuta, na kau da kai. Ɗan goggona ya ce tunda zan ƙara wa motar maƙogwaro, gara in fara sabawa. Na biya, muka kama hanya.

Bakwai da rabi ta yi mana a Bauchi. Wanda ya shiga garin nan da safe bai ci masa ba ya cuci kansa. Muka samu wata baiwar Allah wajen Wunti, kaskonta na ta ƙauri, ta zubo mana da miyar taushe da ɗan ƙuli a gefe. Masar ta tashi sosai, cikinta laushi, bakinta ya soyu. Ɗan goggona ya ci goma sha biyu, wai shi bai cika cin abincin safe ba.

Garejin da za a yi aikin yana Fadaman Mada, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, tsakanin mai walda da mai gyaran firij. Maigarejin dattijo ne, gemunsa ya yi fari, ba ya son yawan magana. Ya jujjuya sabon manifol ɗin, ya leƙa cikinsa, sannan ya jero mini tambayoyi: na canza salansa? Na taɓa wani abu a cikin injin? Akwai wanda zai sake saita kwamfutar motar? Duk na ce a'a. Ya ce to ina nake bi da ita?

“Ko'ina, Baba,” na ce.

“Ɗana, wannan na mai gudu ne a kwalta. Sai allurar da ke nuna juyin injin ta yi sama yake aiki. A ƙasa-ƙasa, wajen tashi da hawan tudu, ƙarfi zai rage maka. Robar nan da ka raina ita ke ba ka wannan.”

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata tsofaffin makanikai haka suke, duk abin da bai zo a zamaninsu ba haram ne. Na ce masa ya ɗaura kawai. Da ya cire tsohon ya tambaye ni ko a sa mini a but, na ɗaga murya yadda mai walda ma zai ji, na ce a bai wa 'yan gwangwan, ni na gama da shi.

Kafin sha ɗaya aiki ya kammala. Muka nufi Yelwa gwaji. A cikin cunkoson keke da ɗalibai masu tsallaka titi ba duba, na ji motar ta yi nauyi, sai na ƙara taka totur kafin ta tashi. Na ce ai sabo ne. Da muka fita gari muka hau hanyar Dass, na sake mata. Gaskiya ba zan ɓoye muku ba, da allura ta haura biyar motar ta buɗe murya, wani irin gurnani mai daɗi, ta miƙe har na ji kujera ta riƙe mini baya. Ɗan goggona ya ɗauki bidiyo, na tura muku nan take, kuka cika ni da kirari. Na ji daɗi ƙwarai, kaina ya yi girma.

Daga nan muka ratsa gari zuwa Tirwun. Wurin ya canza, gonakin da na sani ina yaro duk sun zama fulotai, ga bulo an jera, ga masara a tsakanin gine-ginen da ba a rufa ba. Bayan gida na ƙarshe kwalta ta ƙare. Hanyar ruga tana gangarawa cikin wani ɗan rafi, ta haura ɗaya gefen. Shekara huɗu ina bin ta da motar nan, rani da damina, giya ta biyu, ba tare da na yi tunani ba. Gefen ruga ba shi da tsayi, muka haye lafiya.

Inna ta riga ta shirya tun hantsi. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole; haka muka taso. Muka gaisa tana kallon ƙasa, sannan ta juya ta yi ta hira da ɗan goggona. Baffana ya fito da ragon suna daga cikin garkenmu, domin a gidanmu ba a sayen ragon ɗan fari a kasuwa. Aka sa shi a but, aka ɗaure murfin da igiya a buɗe rabi. Aka ƙara buhun masara, da galan na man shanu, Inna ta shiga baya da ƙwaryar kindirmo a cinya.

A dawowa ne abin ya faru. Muka tsallake ruwan, muka fuskanci tudun gefen gari, mai tsayi, ga laka. Na sa giya ta biyu yadda na saba, motar ta yi tari ta mutu. Na tayar, na sa ta ɗaya, ta ɗan hau ta sake mutuwa. Na cika mata wuta, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, tayoyi suka yi ta juyi a wuri guda suna watsa laka, rago na kuka a baya. In na sassauta ta mutu, in na taka ta haƙa rami. Na yi ta wasa da kuloci har warinsa ya cika motar.

Sai na ji an buɗe ƙofar baya. Inna ce. Ta sauka da ƙwaryarta a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ta fara hawan tudun nan cikin laka, taki ɗaya ta tsaya, taki ɗaya ta tsaya. Takalminta ɗaya ya maƙale, ta bar shi ta ci gaba. Ko waiwayo ba ta yi ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ɗan goggona ya ruga ya riƙe ta, ni kuwa ina zaune riƙe da sitiyari, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Wani manomi da ke huɗa a kusa ya kwance shanunsa biyu, ya ɗaura igiya a gaban motar. Ko nishi ba su yi ba suka fitar da mu. Na yi masa godiya, ya ce ba komai, amma dariyar da yake dannewa ta fi ƙarfinsa. A saman tudun na ji Inna tana ce wa ɗan goggona, “Ka faɗa wa mutumin naka ya sauke ni a tasha. Motar haya ba ta wannan ihun.”

Nan na tsaya da ƙafata. Na ce wa ɗan goggona ya roƙe ta ta ba ni awa biyu. Muka koma Fadaman Mada, ina tuƙi ina addu'ar kada 'yan gwangwan su riga ni. Maigarejin ya dubi lakar da ke jikin motar har rufi, ya dubi ragon, ya dubi Inna. Ya sunkuya ƙarƙashin bencinsa ya jawo tsohon manifol ɗina a nannaɗe cikin buhun siminti.

“Duk wanda ya ce in jefar, nakan ajiye masa kwana uku,” ya ce.

Ya sa aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa, aka sayo mata silifas a bakin titi. Ta yi la'asar a nan, ta buɗe ƙwaryar ta ɗibar wa maigarejin kindirmo a kofi. Biyar saura aka rufe bonet. Da na tayar, injin ya dawo da muryarsa ta da, ƙasa-ƙasa. Ɗan goggona ya buɗe mata ƙofa, ta ɗan tsaya tana saurare, sannan ta shiga. Kafin mu kai Soro ta yi barci. Muka shiga Darazo ana kiran magariba, da safe aka raɗa suna tana zaune a tsakar gida da jikarta a hannu.

To, ga amsarku, masu tambaya ko manifol na waje ya cancanci kuɗinsa. In ka gyara injinka tun daga ciki, ka canza salansa, ka samu wanda ya iya saita kwamfuta, kuma rayuwarka duk a miƙaƙƙiyar kwalta take, bismilla, zai ba ka abin da kake nema a sama. Amma in shi kaɗai za ka ɗaura, ƙara ka saya da ƙyalli, ka kuma ba da ƙarfin da kake amfani da shi kullum. Wanda ya ƙera robar nan ba wawa ba ne.

Na ga abin da kuke rubutawa tun jiya, wai na ji tsoro, wai na koma layin tsofaffi. Ku rubuta. Bidiyon shanun ma da ɗan goggona ya ɗauka yana yi mini barazana da shi, ni da kaina zan saka muku, ku yi dariya ku more. Ba wanda ya sauko daga cikinku ya kama mini igiya a rafin nan, kuma ba uwar ɗayanku ba ce ta taka laka da ƙafa ɗaya babu takalmi. Motata ce, hanyar gidanmu ce. Ranar Lahadi zan mayar da Inna ruga, kuma a tudun nan ba za ta sake sauka ba.