Malam Sada da Ƙasar Gonakinmu

Kafin a kaɗa ƙararrawa, Malam Sada ya riga ya jingine kekensa a gindin darbejiyar makarantarsu da ke Kankiya, ya jera gorunan roba da ya yanke gindinsu, ya ɗaure bakin kowace da tsumma. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane yaro ya zo da ƙullin ƙasar gonar ubansa. Sai a zuba a gora, a kwarara ruwa, a zura ido. Ta jigawa ta zubar da ruwan nan take, yumɓun fadama ya riƙe ya hana. A jiƙa ƙasa a murza a tafin hannu, wata ta miƙe kamar igiya, wata ta wargaje.

Har yau ana ba da labarin ranar da Malam Kamilu, wani manomi daga Yashe, ya biyo ɗiyarsa Sa'a har aji, ransa a ɓace. A ƙauye ba a ɗibar ƙasar gonar mutum don alheri.

"Malam, mi za ka yi da ƙasata? Bara ma gero bai yi ba."

"Zauna, Baban Sa'a. Kai za ka zuba ruwan da hannunka."

Ya zuba, ruwa ya wuce kamar a rariya.

"Haka takin zamaninka ke bin ruwa," in ji Malam Sada. "Sai ka haɗa da na shanu."

Kamilu ya ce, "Ashe ba sammu aka yi mani ba." A ranin nan ya sauke Fulani da shanunsu a gonarsa.

Malam, kai ne ka koyar da tafin hannu kafin alli. Irinmu da muka bar aji da wuri, yanzu muke gane abin da ya wuce mu.

Ga shi ka yi ritaya, kuma babu malamin da ya karɓi gorunan. An koma rubuta "ire-iren ƙasa" a allo, yara na haddacewa hannu fes. Gorunan suna cikin buhu a zaurenka, kana tambayar duk wanda ya shigo ko an aiko a ɗauka.

Allah Ya saka maka da alheri, Malam. Ku kuma matasan malamai na Kankiya da Kusada, zauren a buɗe yake. Wani ya je ya ɗauko buhun nan tun mai shi na da ƙarfin nuna yadda ake ɗaure tsumman.