Malam Badaru da Littafin Bushiya

Malam Badaru manomi ne a wani ƙauye gab da Tsanyawa, amma ranar kasuwa ba ya taɓa fartanya. Yakan shimfiɗa tabarma a rumfar da ke bayan masu sayar da wake, ya jera allura da zare da gam da kwali, ya zauna ɗinkin littattafan da suka yage. Ya koyi sana'ar ne a wata maɗaba'a a Kano tun yana saurayi. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida ya riƙe gona, amma hannunsa bai manta ba.

Wata ranar kasuwa bayan an yi girbi, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sadiƙa ta zo masa da wani ɗan littafi a cikin leda. Littafin yara ne mai zane, labarin wata bushiya da ta tafi kasuwa sayen gishiri. Babu wanda ya yi firamare a da can da bai san shi ba.

"Baba, na innata ne," in ji ta. "So nake a cire bangon nan a sa sabo, a datse gefen da ya tsufa."

Malam Badaru ya goge hannunsa ya karɓa. Ya buɗe tsakiya ya ga zare, ba ƙarfen maƙalewa ba. Ya duba bayan shafin farko, shekara ɗaya ce kawai a rubuce, babu layin da ke cewa an sake bugawa. A bayan bango kuma farashin da sule aka rubuta shi. Sai ya wuce kai tsaye shafi na goma sha ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, me kika gani a nan?"

"Zabuwa."

"Karanta abin da ke ƙasanta."

Ta karanta, ta yi murmushi. "Sun rubuta kaza."

"To, wannan kuskuren a bugun farko kaɗai yake. Da suka sake bugawa sun gyara. Irinsa muka karanta a aji biyu, malaminmu ya sa kowa ya soke kalmar da fensir. Shekarata arba'in ina ɗinki, sabon bugu ya wuce ta hannuna ba adadi, amma wannan ban sake ganinsa ba sai yau. Ba zan sa masa wuƙa ba."

Ya ce ta bar masa shi mako guda. A gida ya warware tsohon zaren da ya ruɓe, ya bi ramukan da suke nan ya mayar da sabo. Bangon ya liƙa masa ƙyalle ta ciki, ya bar shi da dattinsa.

Da mako ya zagayo, Sadiƙa ta zo tare da mai littafin, Inna Amsa, dattijuwa mai tabarau. Iyayenta daga Borno suka zo suka zauna a Zakirai tana ƙarama. Ta ce kyauta aka ba ta shi a makaranta, shekarar da ta fi kowa iya karatu.

Malam Badaru ya ba ta shawara ta saya wa jikoki sabon bugu, wannan kuma ta adana shi a ƙasan akwati.

Inna Amsa ta juya littafin a hannunta. "Malam, shekara hamsin da wani abu yana ƙasan akwati. Yanzu jikata Fadima ta fara haɗa baƙi. Wannan nake so ta riƙe."

Bai so hakan ba. Duk da haka ya ce, "Naki ne, Hajiya. Amma ta wanke hannu, kuma kada ta lashi yatsa wurin buɗe shafi."

Ya nuna musu yadda ake ɗaga takarda daga kusurwar sama. Inna Amsa ta gwada sau biyu, sannan ta gyara zama a tabarmar ta fara karantawa a bayyane. Wani mai wake da ke kusa ya daina awo ya juyo yana saurare.